Karaye da Rogo: Mun Je Neman Lokeshin, Mun Ɓige da Cin Abinci

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinanmu na Hausa ya san wannan sin ɗin, ko daga barci aka tashe shi zai iya tsara shi. Jarumi ya ɗauko jaruma a mota, sun shiga wani haɗaɗɗen gidan abinci, ya ja mata kujera ta zauna, wani yaro mai farar riga ya zo ya ɗan rusuna ya ajiye masu faranti biyu na soyayyiyar shinkafa da cinyar kaza, ga kwalin lemo a tsakiya. Daga nan kuma sai kallon juna. Ita tana juya cokali, shi yana zuba kalamai, kafin ka ankara an yanke an tafi waƙa, an bar shinkafa tana hucewa. Tun zamanin kaset, lokacin da ake rububin su Sangaya da Wasila a Ƙofar Wambai da Bata, har zuwa yau da harkar ta koma ta masu dogon zango a YouTube da Arewa24, ni dai ban taɓa ganin jarumar da ta cinye abincinta a gidan abinci ba.

’Yan industiri sun san dalili. Mai gidan abincin awa ɗaya ko biyu ya ba ku aro kafin masu saye su fara shigowa. Furodusa kuma faranti biyu kacal ya biya, kuma idan za a maimaita ɗauka sau biyar, dole farantin ya zauna yadda yake a ɗaukar farko, in ba haka ba mai kontiniti ya shiga uku. Idan an tashi, yaran lokeshin ne suke yin wasoso a kai. Su kuwa taurarin da kuke gani, abincinsu na gaskiya yana cikin kula a bayan bas: shinkafa da wake da mai da yaji, ko taliya da manja, a kora da ruwan leda.

Abu na biyu da finafinan suka koya mana shi ne, gidan abinci mai teburi da kujera na birni ne. Da zarar labari ya koma ƙauye, to sai teburin mai shayi da mai tuwo a gindin bishiya, irin wuraren da marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya sha tayar da ƙura a cikinsu, Allah ya jiƙansa. Shi ya sa da wani furodusa abokina ya ce mani an buɗe sabon gidan abinci a Karaye mai ƙofar gilashi da na’urar sanyaya ɗaki, kuma zai je ya duba shi don wani shiri mai dogon zango da yake haɗawa, ban tsaya jiran gayyata ta biyu ba. Lissafinsa mai sauƙi ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace fita da bas ta zama bala’i ga aljihun furodusa. Idan zai samu ruwa na waƙa, da gonar rake, da gidan abinci na sin ɗin soyayya duk a yanki ɗaya, to ya jefi tsuntsu uku da dutse ɗaya.

Tun daga nan bari in gaya wa mai karatu, ba zan kama sunan wurin ba. Ba talla aka biya ni ba, kuma akwai abin da zan faɗa wanda ba yabo ba ne.

GARIN DA BAƘI SUKA YI WA YAWA

Mu huɗu muka tashi daga titin Gidan Zu da hantsi: furodusa, da mai ɗaukar hoto, da direba, da ni. Muka bi ta Kabuga, muka wuce sabon mazaunin Jami’ar Bayero da Janguza, muka ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo a kan titin Gwarzo, sannan muka karkata kudu. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe sama, an gama girbi, sai kara a tsaye a gonaki da tarin buhunan masara a bakin titi.

Wanda bai san Karaye ba zai yi mamakin a ce wani ya zuba kuɗinsa ya gina irin wannan wuri a can. Amma in ka duba abin da ya faru da garin a ’yan shekarun nan, za ka gane ɗan kasuwar ba mahaukaci ba ne. A watan Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, Bichi da Rano da Gaya da Karaye. A ranar 23 ga Mayu, 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe su, sannan a watan Yulin wannan shekarar aka dawo da Karaye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu a ƙarƙashinta, Karaye da Rogo. Ba siyasar ce ta kawo mu ba, amma kowa ya san inda akwai fada akwai naɗin sarauta, akwai hawan salla, akwai ’yan gaisuwa da manyan riguna, kuma duk mai babbar riga sai ya ci abinci. Ga kuma ’yan siyasa, tunda Karaye da Rogo kujera ɗaya suke da ita a majalisar wakilai ta tarayya.

Sai kuma babbar kasuwar da ta fi kowace tabbas: sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yana Kusalla, nan ƙasar Karaye. Shirin da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973 shi ke kwaso matasa daga Legas da Inugu da Fatakwal ya zube su a nan na mako uku, tare da jami’ai da sojoji da masu kawo masu ziyara. A cikin sansanin akwai kasuwar mami inda suke cin abincinsu, amma ranar shiga da ranar fita garin cika yake yi da mutanen da ba su san miyar kuka ba.

ƘOFAR GILASHI

Da azahar muka isa. Daga waje ginin bai da wani girma, amma an shafe shi da fenti mai ɗaukar ido, an dasa ’yan furanni a tayoyin mota, ga allunan sola jere a kan rufi. Da muka tura ƙofa sai mai ɗaukar hotonmu ya tsaya cak ya ce, “Oga, wannan ai saiti ne aka riga aka haɗa mana.” Gaskiyarsa. Tayil fari tas, tebura takwas na ƙirga, kujeru masu laushi, fitilu ’yan ƙanana a cikin silin, talabijin a bango ana nuna wani fim ɗin Indiya na fassara. A gefe guda an ja labule an keɓe wuri mai kafet da matasai don iyali da mata, wanda a ganina shi ne abu mafi hankali da mai wurin ya yi, domin a gari irin wannan babu magidancin da zai zaunar da matarsa a tsakiyar samari tana cin kaza.

Wani matashi da bai wuce sa’ana ba, da farar riga da baƙin wando, ya taro mu da “Sannunku da zuwa, Yallaɓai,” ya kai mu tebur, ya miƙo takardar jerin abinci mai leda. A nan na fara jin haushi. Daga sama har ƙasa da Turanci aka rubuta. Soyayyiyar shinkafa, jalof, kaza da soyayyen dankali, shawarma, har da wani abu wai shi baga. Sai can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, aka ware wani sashe aka kira shi lokal, aka jefa tuwo da farfesu a ciki. Jama’a, a tsakiyar ƙasar masara, a garin da kusan kowane gida akwai rumbu, tuwo ne ya koma ɗan haya a ƙasan takarda?

Furodusa ya ce a kawo masa irin abin da jarumarsa za ta ci, wato soyayyiyar shinkafa da kaza. Mai ɗaukar hoto ya zaɓi kaza da dankali. Direba ya ce shi dai a ba shi jalof mai yawa. Ni kuma na tambayi matashin, “Malam, tsakaninka da Allah, in kai ne da kuɗinka me za ka ci a nan?” Ya waiga ya dubi wajen kanta, ya rage murya ya ce, “Yallaɓai, farfesun tarwaɗa. Da safen nan aka kawo ta daga dam.” Na ce a kawo.

Daga nan sai jira. Na duba agogo, minti arba’in da biyar muka yi kafin faranti na farko ya sauka, ga shi tebura uku ne kawai da mutane. A cikin jiran wuta ta ɗauke, na’urar sanyi ta yi shiru, fankoki suka ci gaba da juyawa da sola. Abin da ya rage mana zafi shi ne matashin nan bai ɓace mana ba. Sau biyu yana zuwa ba da haƙuri, ya gaya mana gaskiya cewa mai girki ɗaya ce kuma kazar sai da aka jira ta saki daga ƙanƙara. A manyan wuraren da nake zuwa a Kano ba kasafai ake gaya maka gaskiya irin wannan ba, sai dai a ce maka “yanzu-yanzu” har la’asar.

Muna cikin jiran ne aka yi abin da ya fi komai tsaya mani a rai. Wani saurayi mai gayu ya shigo da wani dattijo, da gani mahaifinsa ne, irin dattawan nan masu kuɗin hatsi da ba sa nunawa, riga ta sha ƙura amma aljihu da nauyi. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa, ganin tayil yana sheƙi. Wasu ’yan mata biyu da ke can kusurwa suna ɗaukar kansu a waya suka fara ƙunshe dariya, ɗan kuma ya ji kunya ya ce, “Baba, ai nan ba a cirewa.” Kafin dattijon ya rasa abin yi, sai ma’aikacin nan ya zo da sauri ya durƙusa ya gaishe shi, ya ɗauki takalman ya jera a gefe, ya ce, “Baba, bismilla, ga wajen zamanku nan,” ya ɗaga labule ya kai shi kan kafet inda dama cire takalmi ake yi. Bai nuna masa famfon wanke hannu da ke lungu ba, sai ya kawo buta da roba ya zuba masa da kansa. Na ji dattijon yana cewa, “Allah ya yi maka albarka, yaro. Ɗan gidan wa ne kai?”

Na sha ganin yadda ake koyar da masu hidima a wuraren zamani su rusuna wa mai kwat su yi wa mai rawani kallon baƙauye. Wannan yaron babu makarantar otal da ya je, daga baya ya ce mani takardar koyarwa gare shi, aikin ne bai samu ba. Abin da ya yi tarbiyyar gida ce, kuma ita ce kadara mafi tsada a gidan abincin nan, ta fi na’urar sanyin.

Abinci ya zo. Bari in bi shi ɗaya bayan ɗaya ba tare da son kai ba. Soyayyiyar shinkafar furodusa ta yi kyau a ido, kore da ja da rawaya, kyamara za ta so ta, amma kori ya yi mata yawa kuma kazar ta bushe a waje, kusa da ƙashi kuma da sauranta. Dankalin mai ɗaukar hoto ya sha mai ya yi laƙwas. Jalof ɗin direba babu laifi, ya share farantin har yana neman ƙari, aka ce masa ƙari sai dai sabon faranti, ya dube ni ya ce, “Ka ji fa, wai gyara ma babu.”

Amma farfesun nan, mai karatu, wallahi ko a Kano sai an tona. Tarwaɗa ce mai kauri, ba ta fashe ba, ba ta ƙarni, romon ya ji citta da masoro da kanumfari da ɗan daddawa a ɓoye, ga attaruhu daidai wanda zai buɗe maka hanci a hunturu ba tare da ya sa ka kuka ba. Sai da sauran ukun suka ajiye cokulansu suka dawo kwanona. Wato abin da aka ɓoye a ƙasan takarda aka kira shi lokal, shi ne kaɗai abin da wurin zai iya bugun ƙirji da shi. Dalilin kuwa a fili yake. Kazar ta yi doguwar tafiya a cikin ƙanƙara, wutar da za ta riƙe ta kuma ba tabbas, kifin kuwa daga ruwa sai tukunya.

Wajen biya ma sai da aka ɗan yi fama, na’urar cirar kuɗi ta ƙi samun sabis, aka koma tiransifa, muka tsaya jiran alat. Abin da muka biya mu huɗu zai ciyar da rabin ma’aikatan lokeshin ɗinmu a wajen mai tuwo.

SHARAƊIN ALHAJI

Da mai wurin ya ji ’yan fim ne sai ya fito da kansa. Mutum ne mai fara’a, ɗan garin ne da ya yi shekaru yana kasuwanci a Kano. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce sola tana ɗaukar fanka da fitila, amma firiza da na’urar sanyi sai janareta, janareta kuma ba ya shan ruwan dam. Mai girkin daga Kano ya ɗauko ta, shi ke biya mata ɗaki. Ranar da aka buɗe sansani, ko ake ɗaurin auren wani babba, ko ’yan siyasa suka zo taro, har rasa kujera ake yi. Sauran ranaku kuwa, ya nuna ’yan matan nan na kusurwa da haɓa, ya ce, “Ka gansu nan. Lemo ɗaya za su saya su zauna awa biyu suna TikTok. Ba na korarsu, su ne ’yan tallata.”

Na ce masa, “Alhaji, don Allah me ya sa tuwo da farfesu suke ƙasan takarda?” Ya yi dariya ya ce ai mutumin Karaye ba zai bar tuwon matarsa ya zo ya sayi nasa da tsada ba, abin da ba ya samu a gida shi yake kawo shi. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta. Ɗan gari zai zo sau ɗaya ya ci baga ya ɗauki hoto, ba zai dawo ba sai salla. Baƙon da ya taho daga Kano ko Abuja kuwa ya bar wuraren da suka fi nan iya soya dankali sau goma, abin da ba shi da shi shi ne kifin da aka kamo da safe. In da ni ne Alhaji, da kifin dam zan sa a saman takarda da manyan baƙaƙe, da Hausa, in rage jerin nan mai tsawo zuwa abin da mai girki ɗaya za ta iya fitarwa a minti ashirin.

Furodusa ya shigo da maganar da ta kawo mu. Alhaji ya ce ba ya son ko kwabo na haya, amma yana da sharaɗi biyu. Na farko, a nuna allon sunan wurin a fili. Na biyu, ya gyara zama ya ce, “Ni fa ina kallon finafinanku. Kullum sai a ajiye wa yarinya abinci ta yi ta wasa da cokali ta tashi ta bar shi. In aka yi haka a nan, mutanen garin nan cewa za su yi abincina ne ba daɗi. In dai a wurina za ku yi, sai ta ci, kuma a ga tana ci.” Furodusa ya fara bayanin kontiniti da maimaita ɗauka, Alhaji ya katse shi ya ce ko sau goma za a maimaita shi zai riƙa sake farantin. Aka tafa a kan haka. Saura a samo jarumar da za ta yarda a ɗauke ta tana fama da ƙayar kifi, da janbaki a bakinta.

BAKIN RUWA

Da la’asar muka nufi madatsar ruwa ta Challawa, wadda take kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. An gina ta tsakanin 1990 da 1992, tsawon bangonta ya kai kilomita 7.8, tsayinsa mita 42, kuma tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 904. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama’are ce ke kula da ita, don haka duk mai son kafa kyamara a kan bangon sai ya nemi izini, ba a faɗa wa wurin haka kawai. Ruwan da ake saki daga nan shi ke bin kogin Challawa ya gangara wajen Kano, ya haɗu da kogin Kano ya zama kogin Haɗeja. A wa’adin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, an ba da aikin samar da wutar lantarki daga nan da Tiga. Na tuna da haka ne saboda ƙarar janaretan Alhaji da ke kunnena har lokacin.

Tiga ta sha kyamara a finafinanmu har masu kallo sun haddace duwatsunta. Nan kuwa ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, hazo ya haɗe shi da sama, ’yan kwale-kwale suna dawowa ɗaya-ɗaya. Mai ɗaukar hotonmu har ya manta da mu. Ni kuwa hancina ya ja ni wajen masu suya, inda ake zuba karfasa a mai tana fitowa ana barbaɗa mata yaji a kan takarda. Babu kujera, babu cokali, ƙudaje ma sun zo nasu rabon. A tsaye muka ci, da zafinta. Ita ce dai hanyar da kifin Alhaji yake bi, bambancin kawai shi can an sa masa kwano mai fure da farashi mai hawa uku.

ROGO: INDA AKE YIN GYARA

A Karaye muka kwana, da sassafe muka kama hanyar Rogo. Direba ya yi ta zolayar cewa tunda sunan garin ke nan yau rogo da ƙuli za mu wuni ci. Amma abin da ya tare mu tun daga hanya rake ne. Rogo tana can ƙuryar jihar, tana iyaka da Kaduna da Katsina, kuma ita da maƙwabciyarta Maƙarfi an san su da rake. Fadamu ne shaƙe da shi, ga motoci ana lodi, ga hayaƙi yana tashi daga inda ake dafa mazarƙwaila.

Wanda bai taɓa gani ba, ga yadda ake yi: ana cusa sandar rake a injin matsa, ruwan yana gangarowa ta ƙasa, a tace a zuba a manyan kasake a kan wuta. Ɓawon raken da aka matse, in ya bushe, shi ne makamashin. Ana dafawa ana kwashe kumfa har ruwan ya yi kauri ya koma ja, sannan a zuzzuba a ’yan ƙananan kwanoni ya daskare. Wani dattijo a wurin ya ce da can doki ne ke zagayawa yana juya injin. Aka ɗebo mana mai ɗumi wadda ba ta gama daskarewa ba a kan ɓawon rake. Furodusa yana lasa yana cewa a nan za a yi sin ɗin da jarumi zai fara ganin jaruma, wai ta kawo wa mahaifinta abinci.

Da rana yunwa ta kai mu rumfar wata mai tuwo a bakin kasuwa, wadda duk wanda muka tambaya ita yake nuna mana. Rumfar kwano ce da benci biyu da tabarma. Babu takardar abinci, tukwanen ne a buɗe a gabanka: tuwon masara, miyar kuka, miyar kuɓewa ɗanya, ga man shanu a kwalba, ga naman kai a gefe. Muka ce, “Inna, sannu da aiki.” Ta dube mu sau ɗaya ta ce, “Sannunku ’yan samari. Daga Kano ko? Ku zauna, kun kwaso yunwa.” Kafin mu gama wanke hannu kwanoni sun sauka. Ban duba agogo ba don babu abin dubawa.

Tuwon ya tuƙu, sulɓi gare shi, masarar bana ce. Miyar kukar ta ji daddawa da wake, man shanu yana yawo a kai. Direba ya share nasa, bai ma buɗe baki ba Inna ta miƙo hannu ta ƙara masa malmala guda da miya, ta ce, “Ci ɗan nan, kai ne mai tuƙi.” Ya juyo ya kalle ni, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina nufin rumfar Inna ta fi wurin Alhaji a komai. Ruwan wanke hannunta roba ɗaya ce kowa ke tsomawa sai da muka ce a zuba mana daga buta, ƙura tana shigowa, kuma babu inda mace za ta zauna ta ci a sake. Saurayin da ke son ya burge budurwarsa, ko ango da amarya a satin farko, suna da haƙƙin su samu wuri mai tsabta da sanyi a garinsu ba sai sun yi tafiyar awa biyu zuwa Kano ba, kuma Alhaji ya yi ƙoƙari da ya kawo masu. Sai dai a wajen sanin abin da baƙo ke so kafin ya faɗa, Inna malama ce, kuma a wurin Alhaji yaron nan mai farar riga ne kaɗai ya yi karatu a irin makarantarta. In wani ya ɗauke shi gobe, na’urar sanyi ba za ta iya gaida dattijo ba.

A nan furodusa ya yanke shawara. Ma’aikatansa kusan talatin ne, kwana shida za su yi tsakanin garuruwan biyu. Wurin Alhaji na kyamara ne, yini ɗaya. Cikin ma’aikata kuwa Inna ya ba kwangilarsa na kwanakin Rogo, rana da dare, a kai masu har gonar rake. Ta saurare shi har ya gama, ta goge hannu a zane, ta ce ta yarda, amma su zo da kulolinsu da kwanoninsu, kuma a ba ta rabin kuɗin tun yanzu ta sayi masara da itace. Furodusa ya ce, “Haba Inna, ba ki yarda da mu ba ne?” Ta ce, “Na yarda da ku mana, ɗan nan. Amma an ce mani ku ’yan fim in kun gama abinku da asuba kuke tashi.”

Ya zaro kuɗi ya ƙirga mata a gabanmu. An sa ranar fara ɗauka bayan sati uku, kafin a gama yankan rake.